Wane Jerin Littattafan Sihirin Birni Ne Yake Jure Tsawon Tafiya?

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ya yi ƙarfi a Amurka da Ingila tun daga shekarun 1990, wanda a cikinsa ake ɗauko matsafa da aljanu da fatalwa da masu rikiɗa a zaunar da su a tsakiyar birnin zamani, inda ake biyan kuɗin haya, 'yan sanda suna sintiri, motoci suna cunkoso. A nan zan riƙa kiransa labarin sihirin birni. Marubutansa ba kasafai suke tsayawa a littafi guda ba, domin da zarar jarumi ya karɓu sai a yi ta binsa shekara da shekaru, har jeri ɗaya ya kai littafi goma ko ashirin ko ma talatin. Wanda yake shirin shiga irin wannan tafiya zai ba da kuɗinsa da watanni na lokacinsa, don haka yana da haƙƙin ya san tun daga bakin ƙofa ko labarin zai riƙe darajarsa har ƙarshe, ko kuwa zai sukurkuce a tsakiya.

Zan kwatanta jeri biyar, dukansu da Turanci aka rubuta su. Uku zan zauna a kansu sosai, wato The Dresden Files na Jim Butcher, da Kate Daniels na Ilona Andrews, da Rivers of London na Ben Aaronovitch. Biyu kuma zan taɓa su a taƙaice, wato Mercy Thompson na Patricia Briggs da Anita Blake na Laurell K. Hamilton. Na yi ƙoƙarin kada in tona manyan asiran labaran, sai dai ba a iya auna doguwar tafiya ba tare da an ambaci wasu zangunanta ba.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ko abin da ya faru a labari yana barin tabo. Idan jarumi ya sha wuya a littafi na uku amma ya wayi gari a na huɗu garau kamar ba a yi komai ba, nan da nan mai karatu zai gane cewa babu abin da zai taɓa samun kowa, daga nan kuwa fargaba ta mutu, sai maimaici. Jerin da yake jure shekaru shi ne wanda rauni yake zama rauni, bashi ya zama bashi, wanda ya mutu kuma a ci gaba da jin rashinsa.

Na biyu shi ne yadda marubuci yake sarrafa ƙarfin jaruminsa. Kusan dukan waɗannan labarai suna farawa da mutum ɗaya talaka da ƙaramin bincike a gabansa, kamar gawa ɗaya ko yaro ɗaya da ya ɓata. Kowane sabon littafi yana neman abokin gaba da ya fi na baya, har a wayi gari jarumin yana kokawa da manyan halittun da za su iya rushe duniya. A daidai wannan gaɓa ce birnin da kansa yake iya ɓacewa daga labarin, titunansa da mutanensa su koma filin daga kawai, alhali kuwa zaman sihiri a gefen rayuwar yau da kullum shi ne gishirin wannan reshe.

Na uku shi ne ko labarin yana da inda ya dosa, kuma ko ya isa. Na huɗu shi ne tsufa da zamani, wato yadda littafin da aka rubuta kafin wayar hannu ta game duniya yake karantuwa a yau, da kuma yadda ɗabi'un da ke cikinsa suke zama a zuciyar mai karatu na yanzu. Sauran ukun na aljihu ne da na hankali: kuɗin da za a kashe, sauƙin shiga da sauƙin Turancin, da haɗarin da ke tattare da jerin, ko na dogon jira ne ko na abin da mutum ba zai so ya ci karo da shi a shafi ba.

Game da kuɗi, a Amurka ƙaramin bugu mai bangon takarda ya saba kamawa tsakanin dala 8 da dala 10, sabon fitowa mai bangon kwali kuma yana kusantar dala 30, a Ingila kuwa mai bangon takarda yana wajen fam 10. Tunda farashin littafi guda bai bambanta sosai tsakanin waɗannan jerin ba, yawan littattafan ne yake yanke nawa mutum zai kashe.

The Dresden Files

Harry Dresden matsafi ne da yake aikin bincike na kuɗi a birnin Shikago, har yana da talla a kundin lambobin tarho. Littafin farko, Storm Front, ya fito a 2000, kuma asalinsa aikin ajin koyon rubutu ne da Butcher ya yi. Ana ganin alamar hakan a littattafai biyu na farko: gini ne mai bin ƙa'ida sau da ƙafa, mutanen cikinsa ba su gama nuna ba, kuma saɓanin da ke tsakanin Harry da 'yar sanda Karrin Murphy yakan taso ne kawai don ya ƙi gaya mata abin da ya sani. Wanda ya yanke wa jerin hukunci da waɗannan biyun bai ga ainihinsa ba. Daga na uku, Grave Peril, ƙasa take fara motsi, a na bakwai kuma, Dead Beat na 2005, marubucin ya gama mallakar alƙalaminsa. A cikinsa ne Harry ya tayar da ƙasusuwan Sue, ƙatuwar dabbar zamanin da wadda take ajiye da gaske a gidan tarihi na Field a Shikago, ya hau bayanta ya ratsa titunan birnin.

A ma'aunin tabo babu wanda ya kai wannan jeri a cikin biyar ɗin. Shawarar da Harry ya yanke a littafi na uku ta haddasa yaƙi tsakanin majalisar matsafa da wani gida na mashaya jini, yaƙin kuwa bai ƙare ba sai a littafi na goma sha biyu. Hannunsa ya ƙone a na shida, ya yi littattafai da dama yana sanye da safar hannu yana fama da shi. Kusan shekara guda take wucewa tsakanin littafi da littafi, saboda haka mutane suna girma a idon mai karatu: Molly Carpenter, wadda aka fara gani tana yarinya a gidan abokinsa, ita ce ta zama almajirarsa a na takwas. Sannan ga Changes na 2010, wanda shi ne na goma sha biyu, inda Butcher ya raba jaruminsa da ofishinsa da motarsa da gidansa a cikin littafi ɗaya, wato duk abubuwan da mai karatu ya saba da su shekara goma. Marubuci kaɗan ne suke da zuciyar rushe abin da yake kawo musu kasuwa, kuma ina ganin wannan ƙarfin hali ne ya hana jerin ruɓewa.

Ta fuskar tsufa da zamani, wata dabara ta cece shi. A duniyar littafin sihiri yana lalata na'urori, don haka Harry ba ya riƙe wayar hannu ko kwamfuta. Yana zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kyandir da murhun itace, yana ajiye abinci a akwatin ƙanƙara, yana wanka da ruwan sanyi ko da hunturun Shikago, yana tuƙa tsohuwar Volkswagen da aka yi wa faci kala-kala. Mutumin da ya riga ya zauna a bayan zamani tun a 2000 ba ya ƙara zama tsohon yayi a yau. Inda jerin ya tsufa da gaske shi ne idon da Harry yake kallon mata da shi. Kusan kowace mace ta shigo sai an tsaya an siffanta jikinta, kuma abin yana ƙara nauyi a zuciya idan ya shafi yarinyar da ya sani tun tana ƙarama. Masu kare littafin suna cewa halin jarumin ne da gadon tsofaffin labaran bincike na Amurka, ni kuwa ban ga wannan uzuri ya rage tsamin abin ba, kuma bai gushe gaba ɗaya ba ko a littattafan baya.

Haɗari na biyu shi ne jira. Daga 2000 zuwa 2012 kusan kowace shekara akwai sabon littafi, Skin Game ya zo a 2014, daga nan sai shiru na shekara shida. A 2020 aka fitar da Peace Talks da Battle Ground a tsakanin 'yan watanni, waɗanda asalinsu littafi ɗaya ne aka raba biyu, kuma rabon ya bar na farkon kamar shimfiɗa, na biyun kuma yaƙi tun daga farko har kusan ƙarshe. A nan ne ma'auni na biyu ya fara yi wa jerin nauyi, domin mai binciken da yake neman kuɗin haya ya koma babban jigo a rikicin sarakunan aljanu. Butcher ya daɗe yana cewa shirinsa littafi ashirin da 'yan kai ne sannan uku na rufewa, ke nan akwai sauran tafiya mai nisa. Littattafai 17 da suka fito zuwa 2020 za su ci wajen dala 170 a ƙaramin bugu. Turancinsa mai sauƙi ne, sai dai cike yake da barkwancin da ya dogara da finafinan Amurka. Ga mai son saurare, karatun James Marsters yana cikin abubuwan da suka ɗaukaka jerin.

Kate Daniels

Ilona Andrews suna ne na mata da miji da suke rubutu tare, matar kuma haifaffiyar Rasha ce. Babban jerinsu littafi goma ne cif, daga Magic Bites na 2007 zuwa Magic Triumphs na 2018, kuma ya ƙare. Wannan kalma ta ƙarshe tana da tsada a wannan reshe, domin shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin da mutum zai iya ɗauka yau da tabbacin cewa tambayar da aka buɗe a farko an rufe ta.

Birnin shi ne Atlanta, amma Atlanta ce da sihiri ya dawo mata kamar ambaliya, yana zuwa yana komawa ba tare da sanarwa ba. Idan ya taso, fitilun lantarki su mutu, wasu fitilu masu shuɗin haske su kama da kansu, mota ta tsaya a tsakiyar titi, bindiga ta ƙi tashi. Idan ya janye, layu da tsare-tsaren gida su zama banza, injuna su farfaɗo. Dogayen benaye sun zube, mutane sun koma hawan doki da alfadari, kowa yana ajiye kayan aiki iri biyu. Wannan gini ya warware matsalar tsufa tun daga tushe, tunda duniyar ba tamu ba ce balle a ce wayoyin cikinta sun tsufa. Ya kuma ba marubutan damar ɗebo halittu daga tatsuniyoyin Rasha da Indiya da tsohuwar ƙasar Babila, maimakon su tsaya ga na Yammacin Turai da aka gaji da su. Ko mashaya jinin nan ba kyawawan samari ba ne: gawarwaki ne marasa hankali da wasu ƙwararru suke tuƙawa da tunaninsu daga nesa.

Abin da ya riƙe jerin shi ne cewa an san abokin gaba tun da wuri. Kate sojar haya ce mai takobi wadda take ɓoye jininta saboda mahaifinta, Roland, wanda ya rayu dubban shekaru. Duk ƙarfin da ta ƙara, ana auna shi ne da wannan mutum guda, saboda haka hauhawar ƙarfin ba ta zama hauka ba, tana da dalili kuma tana da iyaka. Tabon da labarin yake bari ya fi karkata ga zumunci: matar da ta fara ba ta da kowa, da gangan, ta ƙare da miji da ɗa da 'yar riƙo da birnin da ya rataya a wuyanta, kowane ɗayansu kuwa ƙofa ce da za a iya cutar da ita ta nan. Na yaba da yadda soyayyarta da Curran, shugaban masu rikiɗa, ba ta tsaya a wasan ɓuya ba. Sun fara zama tare a wajen tsakiyar jerin, sauran littattafan kuma suka nuna wahalar zama tare.

Rauninsa a bayyane yake. Littafin farko bai kai shafi 300 ba, kuma yana jefa mai karatu cikin duniyar ba tare da isasshen bayani ba, har mutum ya yi ta laluben hanya. Sai a na uku, Magic Strikes, komai yake zama daram. Na shida ya jingina da kishi da rashin fahimtar da magana ɗaya za ta iya warwarewa, wanda a ganina bai dace da mutanen da aka gina ba. Na ƙarshe kuma ya tattara abubuwa da yawa cikin gaggawa. Akwai zubar da jini sosai, akwai kuma wuraren kwanciya da aka bayyana a fili, ko da yake ba su da yawa kuma ana iya tsallake su ba tare da an rasa zaren labari ba. Kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi, ƙasa da dala 100 ga goman. Akwai wasu littattafai na gefe da ci gaban da ya fito a 2023, amma ba dole ba ne.

Rivers of London

Wannan ya fito a 2011, a Amurka kuma an sa wa littafin farko suna Midnight Riot, abin da yakan sa wasu su sayi littafi ɗaya sau biyu. Peter Grant sabon kurtun ɗan sanda ne a Landan, mahaifiyarsa 'yar Saliyo, mahaifinsa Bature makaɗin jaz. Yana gadin wurin da aka yi kisa a Covent Garden cikin dare sai wani ya matso ya ce ya ga abin da ya faru, Peter ya lura cewa mutumin fatalwa ne, amma duk da haka ya ciro ɗan littafinsa ya ɗauki bayanin shaida kamar yadda aka koya masa. Wannan ɗan wuri ya ƙunshi halin jerin gaba ɗaya: abin mamaki yana zuwa, aikin hukuma kuma yana ci gaba da fom da rahoto da izinin manya.

A ma'auni na biyu shi ne zakara. Peter yana koyon sihiri a hannun Thomas Nightingale kamar yadda ake koyon kowace sana'a mai wuya, da Latin da dogon maimaici kafin ya iya kunna ɗan haske a tafin hannunsa, kuma an gaya masa tun farko cewa ƙwarewa tana cin shekara goma. Wanda ya wuce kima ƙwaƙwalwarsa ce take lalacewa, kuma akwai likita, Dokta Abdul Haqq Walid, da yake ajiye da hotunan irin wannan ɓarna. Saboda wannan takunkumi, bayan littafi goma Peter yana nan ɗan sanda mai bincike, Landan kuma tana nan a tsakiyar labari. Kogunan birnin, har da waɗanda aka binne a ƙarƙashin tituna irin su Fleet da Tyburn, kowanne yana da aljanarsa, uwarsu kuwa Mama Thames, wadda ta zo daga Najeriya a 1957 don koyon aikin jinya. Landan ɗin da ke cikin littafin ta baƙi ce da 'ya'yan baƙi, kuma abokiyar aikin Peter a littattafan baya, Sahra Guleed, Musulma ce 'yar asalin Somaliya mai sanye da hijabi wadda aka rubuta a matsayin ƙwararriyar jami'a. Wannan ya sa jerin ya fi sauran zama daidai a idon mai karatu na yau, ko da yake Peter na littattafai biyun farko shi ma yana da rawar ido a kan mata, abin da ya ragu yayin da ya girma.

Yana barin tabo kuwa. Abin da ya sami fuskar abokiyar aikinsa Lesley May a littafin farko bai warke ba, kuma shi ne ya haifi juyin da ya rufe na huɗu, Broken Homes. Farautar babban mugun jerin ta kai ƙarshe a na bakwai, Lies Sleeping na 2018, don haka wanda yake son wurin tsayawa mai kyau yana da shi.

Matsalarsa ita ce yaɗuwa. Bayan na bakwai labarin ya rage gudu, kowane littafi ya koma kusan bincike mai zaman kansa, ba a kuma ga wani babban zango da aka nufa ba. Ban da haka, duniyar ta bazu zuwa gajerun littattafai da littattafan zane, har wani lokaci Peter yakan ambaci wani aiki da ya yi wanda mai bin manyan littattafai kaɗai bai taɓa gani ba. Wannan yana ƙara kuɗi ga mai son ya san komai. Turancinsa ya fi na sauran wuya, saboda karin maganar Landan da gajerun sunayen sassan 'yan sanda da dogon bayani a kan gine-gine, wanda ni ina jin daɗinsa amma na san yana gajiyar da wasu. Ga mai son saurare, karatun Kobna Holdbrook-Smith yana sauƙaƙa wannan ƙwarai, domin yana ba kowane mutum harshensa.

Mercy Thompson da Anita Blake

Mercy makanikiya ce mai gyaran motocin Jamus a yankin Tri-Cities na jihar Washinton, tana rikiɗa ta zama wani ɗan karen daji mai kama da dila, a tsakiyar kyarketai da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga Moon Called na 2006 zuwa Winter Lost na 2024 littafi 14 ne. Ƙarfinsa daidaito ne: da wuya a sami littafin da ya faɗi ƙasa warwas, jarumar kuma ba ta kumbura ta wuce kima ba. Rauninsa shi ne cewa littattafan baya suna kama da juna, babban rikicin yana tafiyar hawainiya, kuma wani ɓangarensa yana cikin jerin gefe mai suna Alpha and Omega. Wajibi ne a san cewa littafi na uku yana ɗauke da fyaɗe, an kuma bi sakamakonsa da gaskiya a na huɗu.

Anita Blake ya girmi sauran, domin Guilty Pleasures ya fito tun 1993, kuma yawancin abin da ake gani a wannan reshe yana da bashinsa. Littattafai tara na farko bincike ne mai duhu da tsoro, galibi a birnin St. Louis na Amurka, inda doka ta amince da mashaya jini a matsayin 'yan ƙasa, Anita kuma tana tayar da matattu don a warware shari'ar gado da makamantanta. Daga na goma, Narcissus in Chains na 2001, jerin ya juya, batsa ta mamaye shafuka, binciken ya koma gefe. Ya kai littafi 30 a 2023, ke nan yana da masu sonsa a haka, amma wanda ya shiga don abin da aka fara da shi zai tarar an canza masa kaya a tsakiyar hanya.

| Jeri | Farawa | Yawa | Ya ƙare? | Inda yake kankama | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Dresden Files | 2000 | 17 zuwa 2020 | A'a | Na 3, ya nuna a na 7 | Dogon jira, kallon mata |
| Kate Daniels | 2007 | 10 | E, 2018 | Na 3 | Farko mai ruɗani, jini |
| Rivers of London | 2011 | 10 zuwa 2025 | A'a | Na 1 | Yaɗuwa, Turanci mai wuya |
| Mercy Thompson | 2006 | 14 zuwa 2024 | A'a | Na 1 | Maimaici, fyaɗe a na 3 |
| Anita Blake | 1993 | 30 zuwa 2023 | A'a | Na 1 | Juyawa zuwa batsa daga na 10 |

Wanne ya dace da wa

Wanda ya taɓa ƙonewa da jerin da aka bari a rataye, ko wanda kuɗinsa da lokacinsa suke a ƙidaye, ya ɗauki Kate Daniels, ya kuma yi wa littafin farko haƙuri har ya kai na uku kafin ya yanke hukunci. Shi ne zaɓin da nake bayarwa idan an ce in faɗi guda ɗaya tak, saboda alƙawarin da ya ɗauka ya cika shi.

Wanda yake son ya zauna da mutane shekara da shekaru, ya ga ƙaramin abin da aka shuka a littafi na uku ya yi 'ya'ya a na goma sha biyu, Dresden ne nasa, muddin zai iya jure jira da kuma abin da na faɗa game da mata. Idan biyun farko sun gundure shi, ya tsallaka zuwa Dead Beat, wanda shi ne na farko da aka buga da bangon kwali kuma yana sake gabatar da duniyar ga baƙo, in ya so daga baya ya koma ya cike giɓin. Wanda kuma yake son ya karanta Dresden amma yana tsoron rashin ƙarshe, Changes zango ne da ya rufe yaƙin da aka faro, ko da yake shafinsa na ƙarshe zai sa ya nemi na gaba.

Wanda birni da tarihinsa da aikin bincike na tsanaki suka fi burge shi a kan faɗa, kuma Turancinsa ya yi ƙwari, ya nufi Rivers of London ya karanta bakwai na farko a jere, ya bar littattafan zane sai in ya ga yana marmarin ƙari. Mai neman abin karantawa a hankali, littafi ɗaya yau wani bayan wata uku ba tare da ya manta zare ba, Mercy Thompson za ta ishe shi. Anita Blake kuwa na mai son ya ga inda reshen ya samo asali ne, kuma shawarata gare shi ita ce ya karanta daga na farko zuwa Obsidian Butterfly na 2000, wanda shi ne na tara, ya tsaya a nan.